Gaiwar da ke Cikin Dakalin Inna

Gidanmu, Roni,
Lahadi, 22 ga Yuni, 2025.

Zuwa ga ƙanena Zaharadeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, irin ta wadda ta yi wata goma sha ɗaya ba ta sa ƙanenta a ido ba. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, kai da abokan zamanka na can Fatakwal, Ya kare ku daga zazzaɓin wannan sauro naku da kake ba mu labari, Ya sa albarka a guminka. Mu nan duk lafiya lau muke, sai godiya. An yi Sallah lafiya, duk da dai babu wanda ya wawushe hanta tun tana kan wuta kamar yadda ka saba, har Inna ta ce bana ne ta san ashe rago yana da hanta babba. Kasonka na soyayyen nama yana cikin ƙaramin bokitin da zai zo maka tare da wasiƙar nan. 'Yar'uwarmu Khairiyya ta yaye 'yarta, yarinyar ta yi rigimar kwana uku ta haƙura. Maigidana Musaddiƙ ya gama shukar gero da dawa, saura gyaɗa. Ni kuwa ina nan ina fama da 'yan aji biyar ɗina a Kazaure, kowace Juma'a in an tashi na hau mota na zo wajen Inna, na koma ranar Lahadi da yamma.

Na san kana can kana jin haushina, don ɗazu da hantsi ka kira sau uku ban ɗauka ba. Ina ganin kiran, wayar ma tana hannuna. Inna ce ta hana. Ta ce maganar da za a faɗa maka ba ta waya ba ce, wai maganar waya iska ce, da ka ajiye ta tafi, ita tana son wadda za ka ninke ka sa a aljihu. Ta kuma san halina, da na ji muryarka zan zazzage komai kafin mu gama gaisawa. Shi ya sa ta zaunar da ni da biro da takarda, tana gefena tana ɓarar gyaɗar iri, jifa-jifa ta leƙo ta ga ko layin ya ƙaru. Nathaniel kafinta, maƙwabcina na Kazaure, zai taso jibi Talata zuwa wajen 'yan'uwansa, shi zai kawo maka hannu da hannu. In Allah Ya yarda ranar Alhamis tana wajenka, ka ga da sauran kwana huɗu kafin ƙarshen watan da kamfaninku ya ba ka. To ka yi haƙuri ka karanta a jere, kada ka tsallaka ƙarshe kamar yadda kake yi wa littattafanka na makaranta.

Ka tuna yadda muka rabu da maganar. Ka ce an zaɓe ka cikin direbobin katafila huɗu da za a koya wa tuƙin sabuwar na'urar haƙa, wadda ke tafiya a tudu ta kuma shiga ruwa ta yi iyo, ana yashe hanyoyin ruwa da ita. Ka ce matsayi ne babba, amma in ba ka ba da amsa kafin ƙarshen Yuni ba za a bai wa wani. Ka kuma ce ba za ka sa hannu ba sai Inna ta sa albarka. Wannan maganar taka ta ƙarshe ta sa na yi ƙwalla ranar, ko da yake ban nuna maka ba. Inna kuwa ka ji amsarta da kunnenka, ta ce ɗanta ba zai yi aikin ruwa ba tana raye, ta miƙo mini wayar ta shige ɗaki. Ba sai na faɗa maka dalili ba, amma ka bari na faɗa, don na lura ku ƙanana kun san dokar ne ba ku san nauyinta ba. Tana da shekara goma sha ɗaya suna dawowa daga kasuwar Gwiwa da damina, ita da ƙanenta Sama'ilu, ruwa ya ƙwace shi daga hannunta a mashigi. Kawu yana goye a lokacin, shi bai san komai ba. Tun daga ranar Inna ba ta ƙara taka bakin tafki ko rafi ba, shekara hamsin ke nan da ɗoriya. Shi ya sa duk yaran unguwa suka iya iyo a Tafkin Maje ban da mu, kai ma ka san bulalar da ka sha ranar da ka dawo da jiƙaƙƙen wando.

Ni kuma da yake malanta ta shiga jinina, sai na ɗauka duk abin da aka yi wa bayani mai kyau an gama da shi. Na ce bari na fara da sunan na'urar nan da ka faɗa, amfibiyos, don na ga tun daga sunan Inna ta tsani abin, ta ce ko a baki ba shi da daɗi. Na samu Malama Veronica, wadda ke koyar da Turanci a makarantarmu, muka zauna a ƙarƙashin darbejiya lokacin hutun tara ta buɗe mini ƙamus ɗinta mai kauri. Ta ce asalin kalmar daga tsohon harshen Girka ne, guntu biyu aka haɗa, ɗaya na nufin duka ɓangarori biyu, ɗaya na nufin rayuwa. Wato dai mai rayuwa biyu, a tudu da kuma cikin ruwa. Ta ce da farko dabbobi ake kira haka, irin su kwaɗo, daga baya aka ara wa duk abin da ya iya wuraren nan biyu. Akwai tsiron da ake kira haka don yana yi a cikin ruwa yana yi a gaɓa, akwai motar da ke gangarawa daga titi ta faɗa kogi ta haye, akwai jirgin sama mai sauka a fili ya kuma sauka a kan ruwa, har sojojin da ke zuwa ta ruwa su yi aikinsu a tudu da wannan sunan ake kiransu. Abin ya burge ni ƙwarai, na rubuta duka a bayan littafin darasina. Veronica ta yi dariya ta ce ita kakarta a bakin kogi ta haife su, amma har ta mutu ba ta yarda da jirgin ruwa mai inji ba, don haka kada na sa rai da yawa.

Da na zo gida ranar Juma'a na zaunar da Inna na karanta mata tiryan-tiryan, har da ɗaga yatsa kamar ina gaban allo. Ta saurare ni tsaf ba ta katse ni ba. Da na gama sai ta tambaye ni, wato duk wannan dogon Turancin ma'anarsa Autanta ya bar garinsu ya tafi har bakin teku don ya zama kwaɗo? Kawu yana zaune yana shan fura, sai da ta sarƙe shi. Na ce ba haka ba ne, na'urar ce ke da ƙafafu masu faɗi, cikinsu iska, ba ta nutsewa. Ta ce na'urar ba ita ta haifa ba, in ta ga dama ta yi shekara a kan ruwa. Mako na gaba ban daddara ba. Na ɗebo 'ya'yan kwaɗi masu wutsiya daga wani kwatami a Kazaure, na zubo su a kwalba na kawo mata, na ce ta duba yadda Allah ke halittar abu a ruwa ya fito da ƙafa ya hau tudu lafiya. Ta kalli kwalbar ta ce in ƙirga su. Na ce sun kai talatin. Ta ce cikin talatin ɗin nawa ne ke kaiwa su zama kwaɗi? Ni da nake koyar da wannan darasin kowace shekara na san amsar, kaɗan ne ƙwarai. Kafin la'asar ma na ajiye kwalbar a bakin murhu, agwagwar Khairiyya ta ture ta ta gama da su. Inna kallona kawai ta yi, kuma da ma ta yi maganar ya fi mini sauƙi. Daga ranar na fid da rai, na fara tunanin yadda zan lallashe ka ka haƙura.

To yanzu sai na koma da kai baya kaɗan. Ba ka ga dakalin da Kawu ya yi wa Inna ba, don bayan tafiyarka aka yi shi. A ƙarshen Fabrairu ne, da gwiwoyinta suka matsa mata ta ce tashi daga tabarma na yi mata wuya, sai Kawu ya gina mata dakali a ƙofar ɗakinta, jikin bango, daidai ƙarƙashin indararo. Ka san Kawu, magini ne na gaske in ya so, amma in aikin gida ne ba na kuɗi ba sai ya riƙa neman gajeriyar hanya. Maimakon ya kwaɓa ƙasa ya tattaka ta ya bar ta ta kwana biyu kamar yadda ake yi, sai ya tura baro zuwa Tafkin Maje, da ya riga ya ƙafe ƙaf, ya ɓamɓaro manya-manyan hoge daga tsakiya, ya jera su yadda suke, ya bi bayansu da yaɓe. Kafin azahar ya gama, yana ta yabon kansa. Ba a yi mako ba yaɓen ya tsage a kusurwa ɗaya, tsagar da yatsa zai shiga. Tun daga nan Inna ke masa mitar ya zo ya liƙe, shi kuma kullum gobe. Amma dakalin ya zama fadarta. A kai take lazimi, a kai take tsince shinkafa, a kai take karɓar baƙi, a kai kuma take zaune ranar da ta ce maka a'a.

Jiya Asabar bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, aka tsuge da ruwan da bana ba a yi irinsa ba. Waɗanda aka yi a baya yayyafi ne kawai na shuka. Rariyar gidan ta toshe da ganyen darbejiya, tsakar gida ta cika har ruwa ya kai rabin dakalin, ga indararo yana zuba a kansa ta sama. Muna ƙofar ɗaki ni da Inna muna kallo, tana cewa yau dai aikin ƙanenta zai nuna kansa. Ruwa ya yi kamar awa biyu ya tsagaita. Na naɗe zane na fito zan buɗe rariya, sai na ga kusurwar nan mai tsaga ta zube, kuma wani abu baƙi mai santsi yana motsi a cikin lakar. Zaharadeen, ban san lokacin da na tsinci kaina a kan turmi ba. Ina ihu ina cewa maciji, Inna ta leƙo ta tsura masa ido. Abin ya murɗa, ya zame, ya faɗo cikin ruwan tsakar gida, ya kai tsawon kamu guda, da wasu 'yan hannuwa sirara kamar zare. Ya ɗago kai sama ya shaƙi iska, ya yi wani gurnani ƙasa-ƙasa, sannan ya fara iyo a hankali kamar wanda ya tashi daga barci bai gama wartsakewa ba. Inna ta ce mini na sauko na daina tara mata jama'a, gaiwa ce.

Kafin ka ce me, gidan ya cika. Kawu ya shigo da wando a naɗe, ya ga gaiwa, ya ga dakali, ya gane asirinsa ya tonu, don kowa ya san da ya tattaka ƙasar nan da ƙafa babu kifin da zai rage a ciki. Dattawan unguwa suka yi masa caa, wai magini da furfura a gemu ya ɗebo hogen tsakiyar tafki bai ko ƙwanƙwasa ya ji ba. Amma ka san shi ba ya faɗuwa ƙasa. Nan take ya juya zancen, ya ce ai da ya bi ta Inna ya liƙe tsagar nan da tuni baiwar Allah ta mutu don rashin iska, saboda haka shi ne ya rayar da ita, kuma ladan aikinsa shi ne a ba shi ita a yi masa farfesu. Har ya aika a kawo wuƙa. Inna ta ce kowa ya taɓa kifin nan ita da shi ne. Ta sa na ɗauko babban daro na wanki, muka tara ruwan sama, aka lallaɓa aka sa ta ciki aka rufe da kwando. Ta tona cikin lakar da ta zube da hannunta, ta zaro wani abu kamar busasshen ganye mai ruwan ƙasa, ta ce rigarta ce, ita take naɗe kanta a ciki in ruwa ya ƙafe, ta kwanta ba ci ba sha har damina ta dawo.

Da mutane suka watse ta zauna a kan kujera 'yar tsugune kusa da daron, tana leƙen gaiwar ta cikin kwandon har aka kira magariba. Ni kuma bakina bai iya zama ba, na fara cewa a ilmance gaiwa kifi ce, ba ta cikin dangin su kwaɗo, amma tana da huhu, don haka in an sassauta ana iya kiranta da kalmar nan ta Malama Veronica. Inna ta ɗaga mini hannu ta ce Malama, yau Asabar, babu makaranta. Sai na ja bakina. Can ta fara ba ni labarin da ban taɓa ji ba, na yi imani kai ma ba ka taɓa ji ba. Ta ce Sama'ilu gwanin haƙar gaiwa ne tun yana ɗan mitsitsi. Da rani yakan bi mahaifinsu tsakiyar tafki da sanda, yana dukan busasshiyar laka yana kasa kunne, in ya ji gurnani sai ya yi tsalle ya ce ga ta nan. Ta ce ita ke riƙe masa ƙwarya. Tana faɗa tana dariya, har ta kwaikwayi tsallen nasa da hannu. A iya wayona ban taɓa jin Inna ta ambaci sunansa da dariya ba sai jiya.

Yau da safe bayan mun karya ta yafa mayafi ta ce na ɗauko daron. Na ɗauka za ta ce na kai wa Kawu ne ya zubar a tafki, sai na ga ta sa takalmi ta yi gaba. Muka bi ta bayan masallaci, muka ratsa gonar gero, ita da sandarta ni da daro a ka, duk wanda muka gamu da shi sai ya tsaya ya bi mu da kallo, don babu wanda bai san tsakanin Inna da ruwa ba. Tafkin ya kawo sosai, ja wur da shi, kwaɗi sun cika ko'ina da kuka. Da muka kai gaɓa ta tsaya, ta dogara sandarta tana kallon ruwan. Na ce ta tsaya nan ni zan ƙarasa. Ta tuɓe takalmi, ta yi bisimilla, ta taka, ta ƙara takawa, har ruwa ya rufe mata idon sawu. Ta ce na sauke. Da hannunta ta karkata daron, gaiwar ta zame ta shige, ko waiwaye babu. Inna ta daɗe a tsaye a cikin ruwan, sannan ta yi maganar da ta sa na rubuta maka daidai yadda ta faɗa, ta kuma sa na maimaita mata sau biyu don kada na ƙara na malamai a ciki.

"Wata huɗu ina zaune a kanta, ban ba ta ruwa ba, ban ma san da ita ba, kuma ba ta mutu ba. Ni ce nake ganin ni nake tsare ku. Wanda Ya tsare kifi a busasshiyar ƙasa ba zai kasa tsare mini Auta a kan ruwa ba. Ki rubuta masa ya karɓa, na sa masa albarka."

To ka ji, ƙanena. Je ka sa hannu. Ni a nan na yi kuka har da majina, a gaban matan da suka zo wanki, ban kuma ji kunya ba. Na yi wata guda ina ɗauke da ƙamus da kwalba ban motsa ta ko taku ɗaya ba, ragwancin Kawu ya zo ya gama aikin cikin yini guda, kuma na san har mu tsufa ba zai bar ni na manta ba. Sai dai akwai sharaɗi biyu, kuma ba na wasa ba ne. Na farko, rigar nan mai hana nutsewa da ka ce ana ba ku, ta ce ko fitsari za ka yi a bakin ruwa kada ka tuɓe ta. Na biyu, ka nemi wanda zai koya maka iyo kafin ka hau na'urar, ta ce ita ta hana ka koya, yanzu ita ta umarce ka. Na ce mata ai ke nan Autan zai zama kwaɗon da gaske. Ta ce in dai mai dawowa tudu ne ta yarda.

Za ka ga wani ɗan abu kamar busasshen ganye a naɗe cikin takarda a cikin ambulan, kada ka yar, guntun rigar gaiwar ne, Inna ta ce ka ajiye tare da wasiƙar. Kawu ya zo ɗazu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, wannan karon ya tattaka ta sosai, zai gyara dakalin, ta ce ya gyara ko'ina amma ya bar ramin kusurwar yadda yake, ba za a liƙe shi ba sai ka zo ka gani da idonka. Ka ga ke nan an ba ka izinin shiga ruwa, amma an ajiye maka dalilin dawowa gida.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka kira ta da zarar ka karanta, yanzu an yarda a ɗauki wayarka. Kawu yana gaishe ka, ya ce yana jiran tukuicinsa tunda an hana shi farfesu. Khairiyya da maigidanta da 'yar yayayyiyarsu suna gaishe ka, haka Musaddiƙ da yara. Malama Veronica ba ta ji labari ba tukuna, gobe zan kai mata shi da zafinsa, na san za ta ce a gaishe ka. Ka gaida abokan aikinka, ka karɓi Nathaniel hannu biyu don ya yi mana ƙoƙari. Allah Ya tsare ka a tudu, Ya tsare ka a ruwa, Ya dawo mana da kai lafiya.

Wassalamu alaikum.

Yayarka mai ƙaunarka,
Nafisat